TARIHINMU NA YAU: Daga ina Kiristoci suka samo maganar zumunci tsakanin mutum da Allah?

 Yau tarihin namu ya shafi maƙwabta.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'a a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ko ya ci karo da shirin Kiristoci a rediyo ran Lahadi, ya san wata magana da fastoci ke yawan maimaitawa: wai bin Allah ba gado ba ne, kowane mutum sai ya san Allah da kansa, ya buɗe zuciyarsa, ya yi zumunci da shi. Wasu na jin ta su wuce, wasu na tambaya: shin wagga magana tana cikin littafinsu, ko Turawan mishan suka ƙirƙiro ta?

Amsar a taƙaice ita ce: jimlar kamar yadda ake faɗinta yau, wato “dangantaka ta kai da kai da Allah”, ba za ka same ta harafi da harafi cikin Littafi Mai Tsarki ba. Amma ayoyin da aka gina ta a kansu suna nan, kuma tsofaffi ne ƙwarai. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekaru dubu biyu shi ne nauyin da ake ɗora wa ayoyin, da kuma wa ke da ikon buɗe littafin ya karanta su da bakinsa. Wanga shi ne tarihin da za mu bi. Ba wa'azi muka zo yi ba, sani muke nema, don rashin sani ya fi dare duhu.

TUN DAGA TSOHON ALKAWARI

Littafi Mai Tsarki kashi biyu ne: Tsohon Alkawari, wanda Kiristoci suka gada daga Yahudawa, da Sabon Alkawari mai littattafai 27, wanda ya ƙunshi Linjila huɗu da wasiƙun manzanni. Ƴan Furotesta na ƙirga littattafai 66 gaba ɗaya, ƴan Katolika 73.

Zancen kusanci ya faro daga Ibrahim. Littafin Ishaya 41:8 da wasiƙar Yakubu 2:23 duk sun kira shi abokin Allah. Ga kunnen Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne, tunda Halilullahi ake ce masa. Sai Musa, wanda Fitowa 33:11 ta ce Allah na magana da shi kamar yadda mutum ke magana da amininsa.

To amma ku lura, waɗannan zaɓaɓɓu ne. Talaka Ba'isra'ile kuwa, a zamanin da ya biyo baya, hanyarsa ita ce Haikali na Urushalima, wato Birnin Ƙudus: ya kai hadaya, firist ya miƙa a madadinsa. Can cikin Haikalin akwai ɗaki mafi tsarki bayan wani labule, babban firist kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara.

Sai aka yi babbar girgiza. Wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, ta ƙone Haikalin, ta kwashe manyan gari zuwa bauta. Tambaya ta taso: in babu Haikali, babu hadaya, ina za a sami Allah? A wancan zamani ne Annabi Irmiya ya rayu, kuma a littafinsa, sura 31 aya 31 zuwa 34, aka yi alkawarin wata sabuwar yarjejeniya: za a rubuta doka cikin zukatan mutane, kuma kowa zai san Ubangiji, babba da yaro. Daga wannan wuri aka samo sunan “Sabon Alkawari” kansa.

Ga kuma Zabura, waƙoƙin addu'a 150. Da yawansu bakin mutum ɗaya ne ke magana. A Zabura 23 mai addu'a na ɗaukar Ubangiji a matsayin makiyayinsa shi kansa. A Zabura 139 yana mamakin yadda Allah ya san zamansa da tashinsa tun yana cikin mahaifiyarsa. A wasu ma har ƙorafi yake yi, yana tambayar Allah don me ya yi shiru. Wanda ke iya yi wa wani ƙorafi haka, ai akwai sabo tsakaninsu.

KALMAR “ABBA”

A Linjila ne maganar ta ɗauki sabon salo. Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, harshen Aramiya yake yi, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. Markus 14:36 ya adana kalma ɗaya ta Aramiya daga addu'arsa a lambun Getsamani: Abba. Sau uku kalmar ta zo a Sabon Alkawari. Sauran biyun suna cikin wasiƙun Manzo Bulus, Romawa 8:15 da Galatiyawa 4:6, inda yake gaya wa masu bi cewa su ma an ba su damar kiran Allah da ita.

Masana a Turai sun daɗe suna gardama a kanta. Wani Bajamushe, Joachim Jeremias, ya jaddada cewa kalma ce ta cikin gida mai nuna shaƙuwa. Daga nan masu wa'azi suka riƙa cewa irin kiran da jariri ke yi wa ubansa ne. A 1988 wani masani ɗan Birtaniya, James Barr, ya yi raddi, ya nuna manya ma da ita suke kiran iyayensu. Mu nan ba mu buƙatar dogon bayani. A ƙasar Hausa magidanci mai furfura na durƙusawa ya ce “Abba, ina kwana”. Akwai ƙauna a ciki, akwai girmamawa, ba a raba su.

Sauran ayoyin da Kiristoci ke kafa hujja da su ga su. A Luka sura 15 akwai misalin makiyayi mai tumaki 100 da ya bar 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata, da misalin uban da ya hango ɗansa mai almubazzaranci daga nesa ya ruga ya tarbe shi. A Yahaya 10:3 makiyayi na kiran tumakinsa kowace da sunanta, abin da duk wanda ya taɓa zama da Bafulatani a ruga ya sani. A Yahaya 15:15 Yesu ya shaida wa almajiransa cewa daga yanzu abokai zai riƙa kiransu. A Matiyu 6:6 ya umarci mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi magana da Uba a ɓoye. Sannan Markus 15:38 ya ce a lokacin mutuwar Yesu, bisa imaninsu, labulen nan na Haikali ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 10, ta fassara abin da cewa hanya ta buɗe ga kowa.

A nan ne kuma hanya ta rabu da Musulunci, kuma gara a faɗe ta a fili. Musulmi bawan Allah ne, yana neman kusanci ta sujada da zikiri da addu'a, amma ba ya kiran Allah uba, kuma Alƙur'ani ya kore haihuwa ga Allah, ya kuma kore cewa an gicciye Annabi Isa. Kirista kuwa yana kiran Allah Uba, yana bayanin cewa ba haihuwa ta jiki yake nufi ba, matsayi ne na ɗan da aka karɓa cikin gida. Bambancin na gaske ne, ba a share shi da murmushi. Amma sanin inda yake daidai ya fi zato.

AFIRKA TA RIGA TURAI

Masu cewa abin Turawa ne su saurari wannan. Tun Ingila da Jamus ba su zama ƙasashen Kirista ba, a arewacin nahiyarmu aka fara zurfafa wagga magana.

A Masar, wani mai suna Antoniyos ya rabar da gadonsa ya shige hamada don ya kaɗaita da Allah. Ya rasu a 356, kuma shi ake ɗauka uban masu zaman zuhudu a Kiristanci.

Sai Ogustin, wanda waɗanda suka yi lakwal suka sani da Saint Augustin. An haife shi a 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras yau a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Ya yi ƙuruciya ta sharholiya, uwarsa Monika na ta yi masa addu'a. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a 386, cikin wani lambu a birnin Milan na Italiya, ya ji muryar yaro na cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura 13, rayuwarsa ta juya. Ya komo Afirka, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, har rasuwarsa a 430. Littafinsa Confessions, wanda ya rubuta wajen shekara 400, tun daga farko har ƙarshe da Allah yake magana kai tsaye, yana ce masa “Kai”. Har satar ƴaƴan itace da ya yi yana yaro sai da ya kawo gabansa. Ku riƙe sunan wasiƙar nan ta Romawa, za mu sake gamuwa da ita sau biyu.

LOKACIN DA LITTAFIN YA SHIGA HANNUN TALAKA

Bayan Ogustin, a Turai ta yamma, an yi ƙarnoni littafin yana cikin Latin, harshen da manomi ba ya ji, kuma da hannu ake kwafe shi, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Maganar kusanci ba ta mutu ba, amma ta fi zama a gidajen masu zuhudu. Misali Bernard na Clairvaux a Faransa, wanda ya rasu a 1153, ya yi wa'azi 86 a kan littafin Waƙar Waƙoƙi, yana kwatanta ran mai bi da amarya mai begen ango.

Wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i a birnin Mainz na Jamus. A 1517 Martin Luther, wanda shi ma ɗan ƙungiyar masu zuhudu ce mai bin tsarin Ogustin, ya tayar da gardama da shugabannin ikilisiyar Roma. Abin da ya dame shi shekara da shekaru shi ne yadda mai zunubi zai tsaya gaban Allah. A Romawa 1:17 ya ce ya sami amsa: ta bangaskiya. Ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, littafin gaba ɗaya a 1534, don mai gida da uwargida su karanta da kansu. Daga nan Furotesta suka samo asali.

Wani ƙaramin abu ya taimaka, wanda ba a cika lura da shi ba. Lambobin ayoyin nan da nake ta kawo muku babu su a asali. A 1551 ne wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa wa Sabon Alkawari lambobin aya. Daga lokacin ya zama da sauƙi mutum ya ciro aya guda, ya haddace ta, ya ce wannan tawa ce. Amfanin a fili yake. Illar kuma ita ce ana iya ciro aya a manta da abin da ke gabanta da bayanta.

Kada a ɗauka Katolika sun zauna. A Sifaniya, Tereza ta Abila, wadda ta rasu a 1582, ta koyar cewa addu'ar zuci hira ce ta aminai, wadda mutum ke keɓewa ya yi da wanda ya san yana ƙaunarsa.

A cikin Furotesta kuwa, bayan shekara ɗari da wani abu, wasu suka ga addini ya koma al'ada da gardamar malamai. A 1675 Philipp Spener a Jamus ya yi kira a kafa ƙananan ƙungiyoyi cikin gidaje, a riƙa karatu da addu'a tare. Iskar ta kai Ingila. Ran 24 ga Mayu 1738, wani limamin ikilisiyar Ingila, John Wesley, ya je wani taro a titin Aldersgate a Landan, inda ake karanta gabatarwar da Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa. Ya ce a nan ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata shi kansa aka gafarta wa. Kun ga sarƙar: Ogustin, Luther, Wesley, duk wasiƙa ɗaya.

Daga irin wannan farkawa aka sami waɗanda ake kira ƴan bishara. A wurinsu haihuwa a gidan Kirista ba ta wadatar ba, sai mutum ya tuba da kansa. Ayar da suka fi so ita ce Wahayin Yahaya 3:20, inda Almasihu ke tsaye bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Wani mai zane Bature ɗan Ingila, Holman Hunt, ya zana ta cikin shekarun 1850, ya yi ƙofar ba ta da mariƙi ta waje, alamar daga ciki kaɗai ake buɗewa. A ƙarni na 20, masu wa'azi na Amurka irin su Billy Graham suka yaɗa salon da muke ji yau ta filayen ƙwallo da rediyo da talbijin: ka karɓi Yesu ya zama Mai Cetonka kai kanka.

YADDA TA ISO ƘASARMU

Wannan reshe na ƴan bishara shi ne ya fara kafa mishan a ƙasar Hausa ta Nijar. Ƙungiyar SIM ta samo asali a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a da. Biyu sun mutu da zazzaɓi, Bingham ya rage. A 1924 SIM ta buɗe tasha a Damagaram, ƴan shekaru bayan haka a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi. A 1950 aka buɗe likitar Galmi a jahar Tawa, sannan wurin jinyar kutare a Danja. Katolika kuwa sun kafa mishan a Yamai a 1931, kuma sai 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop.

Tunda koyarwarsu ta ce kowa sai ya ji Allah na magana da shi ta littafi, dole a sami littafin da Hausa, dole kuma a koya wa mutane karatu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka babbar rawa a ciki. Masu fassara sun riƙe kalmomin da Bahaushe ya sani: Allah, Ubangiji, addu'a, Zabura, tuba, gafara. Shi ya sa in Kirista Bahaushe na addu'a, rabin kalmominsa maƙwabcinsa Musulmi ya san su.

Abin ya zo da nasa nauyi. Ƴar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi a 2006 kan Kiristocin bishara na yankin Maraɗi, ta nuna cewa mishan ɗin ta fi ba da ƙarfi ga karatun Hausa don wa'azi, ta yi sanyin jiki wajen ilimin lakwal da Faransanci, abin da ya jawo saɓani da Kiristocin gida masu son ɗiyansu su sami aikin gwamnati. Sannan a ƙasar da aure, suna, gado da jana'iza duk ke ɗaure da addinin gida, cewa bangaskiya shawara ce ta mutum ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. Akwai waɗanda suka biya ta da rabuwa da dangi.

GARDAMAR DA BA TA ƘARE BA

Su kansu Kiristoci ba su taru a kan baki ɗaya ba. Katolika da Otodoks, har da wasu Furotesta, na tunatarwa cewa ayoyin nan da jama'a ake magana. Alkawarin Irmiya ga al'umma aka yi shi. Addu'ar da Yesu ya koyar a Matiyu 6 da “Ubanmu” ta fara, ba a ce “Ubana” ba. Ita kanta ayar ƙwanƙwasa ƙofa tana cikin saƙon da aka aika wa ikilisiyar garin Lawudikiya, a Turkiyya ta yau, ana tsawata mata don ta yi sanyi. Tun a ƙarni na 3, Kifiriyanus bishop na Kartaj a Tunisiya ya koyar cewa wanda bai ɗauki ikilisiya uwa ba, ba zai sami Allah uba ba. Ƴan bishara na amsawa cewa taro ba ya tuba a madadin mutum, kuma a cikin ayar ƙofar an ce duk wanda ya ji ya buɗe, wato mutum ɗaya.

Yau ɓangarorin sun matso kusa. Babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ƙarfafa wa ƴan Katolika karanta littafin da harsunansu, kuma Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta a 2005 cewa tushen zama Kirista gamuwa ce da wani, kafin a zo ga ƙa'idoji.

Akwai kuma ma'aunin da dukansu suka yarda da shi, tunda yana cikin littafin: wasiƙar Yahaya ta fari, 4:20, ta ƙaryata duk mai iƙirarin ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa. Ke nan zumuncin da ake cewa na ɓoye ne, a waje ake gane shi, wurin maƙwabci.

Don me muka kawo wannan tarihi? Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. Amma abokan karatunmu ne, ma'aikatan jinyarmu ne, wasu ma dangi ne na jini. Kuma ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da fushin zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ya sauka kan majami'u a Damagaram da Yamai, aka ƙone gommai, mutum 10 suka rasa rai. Mutanen da aka ƙone wa wuraren ibada ba su zana komai ba. An dai haɗa su da Turawa ne a zuci, alhali addu'arsu da Hausa da Zabarmanci suke yi, kuma jijiyar abin da suke faɗa ta ratsa ta Masar da Aljeriya kafin ta kai Landan.

Ba dole ka yarda da imanin mutum ba kafin ka san abin da yake nufi in ya buɗe baki. Malamanmu da fastocinmu da ke bibiyar shafin nan, fili naku ne, a ƙara mana haske cikin ladabi, ban da zagi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.